Yadda Ake Zana Haruffan Fiksel Irin na Dauri Domin Wasannin Bidiyo da Fuskokin Manhaja

Duk wanda ya taɓa ƙura wa allon tsohuwar na'urar wasa ido zai tuna cewa haruffan da ke kansa ba su da santsin gefe, domin kowannensu an gina shi ne da 'yan murabba'ai masu haske waɗanda ake iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan murabba'ai su ne fiksel, wato ɗigo mafi ƙanƙanta da allo yake iya kunnawa ko kashewa. Tilas ce ta sa masu zanen wancan zamani suka yi aiki da su a fili, saboda na'urorin ba su da wurin ajiya mai yawa, allunan kuma ba su da ɗigon da za a yi almubazzaranci da shi. Kwamfutar Commodore 64, wadda ta fito a 1982, tana raba allonta mai fiksel 320 a kwance da 200 a tsaye zuwa gidaje na takwas sau takwas, abin da ya ba ta haruffa 40 a kowane layi da layuka 25. Kwamfutar ZX Spectrum ta wannan shekarar tana da 256 sau 192, wato haruffa 32 a layuka 24. Game Boy na kamfanin Nintendo, da ya zo a 1989, yana da 160 sau 144 kacal, gidaje 20 a kwance da 18 a tsaye, kuma da zarar an zana wa akwatin magana gefe, abin da ya rage wa rubutu bai wuce haruffa 18 ba.

A yau babu abin da ya tilasta wa kowa wannan ƙunci, amma masu ƙera wasanni da masu tsara fuskokin ƙananan na'urori suna komawa gare shi da gangan, wasu don sha'awar kamannin da, wasu kuma don allonsu har yanzu ƙarami ne. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne cewa zubin haruffan fiksel, wato cikakken jerin haruffa masu salo ɗaya (font), girma ɗaya tak yake da shi. Ana zana shi domin adadin ɗigo sananne, kuma yana fita da kyau ne kawai a wannan adadin ko a ninkinsa cikakke. Kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita a wannan aiki, daga zane har zuwa nunawa a allo, tushenta manta wannan ne.

Mataki na farko: ka fara da allo kafin harafi

Kafin ka kunna ɗigo ko ɗaya, ka yanke shawara kan girman allon cikin wasanka, wato adadin fiksel ɗin da wasan yake zanawa kafin a faɗaɗa shi ya cika allon mai wasa. Da yawa suna zaɓar 320 sau 180, kuma dalilinsu na lissafi ne: idan aka ninka shi sau 4 ana samun 1280 sau 720, sau 6 ana samun 1920 sau 1080, sau 12 kuma 3840 sau 2160, duk ba tare da ragowa ba. Wanda yake son ƙarin fili zai iya ɗaukar 640 sau 360, wanda ninkinsa uku ya cika 1920 sau 1080.

Daga nan sai ka ɗauki jimla mafi tsawo da za ta bayyana a wasan, ka ƙirga haruffanta. Idan akwatin maganarka yana da faɗin fiksel 288, harafi mai gida takwas zai ba ka haruffa 36 a layi, mai gida shida kuma 48. Wannan bambanci na haruffa goma sha biyu shi ne zai nuna ko mai wasa zai karanta magana a shafi ɗaya, ko kuwa zai yi ta danna maɓalli sau uku kafin ya kai ƙarshenta. Ka tuna kuma cewa fassara kan yi tsawo fiye da asali, don haka ka bar sarari.

Mataki na biyu: zaɓen girman gida

Gidan harafi shi ne akwatin da harafin yake zaune a ciki tare da tazarar da ke raba shi da maƙwabcinsa. Mafi ƙanƙanta da ake iya karantawa shi ne harafi mai faɗin ɗigo uku da tsayin biyar, irin wanda PICO-8, wata manhajar ƙera ƙananan wasanni da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar wasa, take amfani da shi a gida mai huɗu sau shida, abin da ya ba ta haruffa 32 a allonta mai 128 sau 128. A irin wannan ƙunci M da N da H sai sun yi kusan zama abu guda, kuma babu wurin ƙananan haruffa masu wuya da jela, shi ya sa ban ba da shawarar a fara koyo da shi ba, balle a rubuta Hausa da shi.

Biyar sau bakwai shi ne girman da na fi amincewa da shi ga mai farawa. Faɗin da ba ya rabuwa biyu daidai yana ba da ɗigon tsakiya, wanda A da T da Y da M da W suke bukata domin su tsaya a miƙe. Takwas sau takwas, gadon na'urorin wasa na shekarun 1980, ya fi dacewa da haruffa masu kaurin sanda, inda kowace sanda ta tsaye take cin ɗigo biyu. Akwai dalilin da ya sa aka riƙa kaurara su: tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana zana hoto ne layi-layi daga hagu zuwa dama, kuma siginar ba ta iya tashi ta sauka da saurin da ɗigo ɗaya tilo zai fito tangaran, don haka siririyar sanda sai ta dushe. Allunan yau ba su da wannan lahani, saboda haka kauri biyu zaɓi ne na kamanni. Idan kuma rubutu mai tsawo za a karanta, kamar a fuskar manhaja, takwas sau goma sha shida irin na katin VGA da IBM ya fitar a 1987 ya fi hutar da ido.

Domin ka ga yadda na'ura take ɗaukar harafi, dubi babban A na Commodore 64. Kowane layi na gidansa bayit ɗaya ne, wato jerin lambobi takwas na 0 da 1, inda 1 yake nufin a kunna ɗigo, 0 kuma a bar shi a kashe. Layin farko 00011000 ne, wato 24 idan aka mayar da shi lambar yau da kullum. Na biyu 00111100, wato 60. Na uku 01100110, wato 102. Na huɗu 01111110, wato 126. Sai 102 sau uku, sannan layin ƙarshe sifili domin ya raba shi da layin rubutu na ƙasa. Harafi guda bayit takwas ke nan, cikakken jeri mai alamomi 256 kuma bayit 2048.

Mataki na uku: ja layukan da za su riƙe zubin

Ka buɗe manhajar zane irin Aseprite, ko ma ka ɗauki takarda mai gidan dara da fensir, ka ja layuka huɗu. Akwai layin zama, inda gindin yawancin haruffa yake sauka. Akwai layin tsayin ƙananan haruffa irin a da o da n, sai layin tsayin manya, sannan layin da jelar g da j da y take tsayawa a ƙasa. A zubi mai biyar sau bakwai, tsarin da ya fi sauƙi shi ne manya su ɗauki layuka bakwai, ƙanana biyar, jela biyu, a bar layi ɗaya fanko, jimilla goma.

Kada ka rage wa ƙananan haruffa tsayi ƙasa da biyar idan da hali, domin a da e da s kowannensu yana da zane uku a kwance da sarari biyu a tsakaninsu, kuma uku da biyu biyar ke nan. Da zarar ka sauko zuwa huɗu, sai ka fara dabarun ɓoye wani sashe na harafin, mai karatu kuma ya fara cankar abin da kake nufi.

Mataki na huɗu: jerin da za ka bi wajen zane

Kada ka fara daga A ka tafi zuwa Z. Ka fara da H da O a manya, n da o a ƙanana, domin waɗannan huɗun su ne suke yanke hukuncin faɗi, kaurin sanda da yadda lanƙwasa za ta kasance. Lanƙwasa a duniyar fiksel cire ɗigon kusurwa ne kawai: murabba'i mai kusurwa huɗu cikakku akwati ne, wanda aka cire wa ɗigo ɗaya a kowace kusurwa kuma O ne. Duk yadda ka yi wa O, haka za ka yi wa C da G da Q da S. Daga n sai h da m da u da r su fito, daga o kuma b da d da p da q.

Haruffa masu karkata su ne suke cin lokaci. Layin da ya karkata yana fita da tsabta ne idan matakansa sun yi daidai da juna, ɗigo ɗaya gefe ɗigo ɗaya ƙasa, ko ɗaya gefe biyu ƙasa, ba tare da an cakuɗa su ba. Ka kuma guji barin ɗigo biyu su yi gwiwa a inda layi ya juya, domin wurin zai yi duhu fiye da sauran jikin harafin, ido kuma ya riƙa tuntuɓe da shi. A kan K da R da X da Z za ka fi ganin wannan.

Lambobi suna bukatar kulawa ta musamman, tun da a wasa su ake kallo fiye da komai: maki, lokaci, sauran rai. Ka ba dukkansu faɗi ɗaya, har da 1, in ba haka ba lambar maki za ta riƙa rawa hagu da dama duk lokacin da ta canza. Sannan ka jera masu kama da juna ka duba su gefe da gefe: 0 da O, 1 da l da I, 5 da S, 8 da B, 2 da Z, da kuma r da n idan sun haɗu suka yi kamar m. Ana raba sifili da O ta hanyar sa masa ɗigo ko karkataccen layi a ciki, ana kuma raba l da I ta hanyar ba l 'yar ƙafa a gindi.

Mataki na biyar: haruffa masu ƙugiya

Yawancin zubin fiksel da ke yawo an yi su ne da alamomin ASCII guda 95, wato haruffan Turanci, lambobi da alamomin rubutu, da wasu 'yan haruffan harsunan Turai, don haka wanda zai rubuta Hausa sai ya tarar babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Abin da yake faruwa a allo shi ne ko dai a ga akwati fanko, ko na'ura ta aro harafin daga wani zubi mai santsi, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo. Cire ƙugiyar kuma ba mafita ba ce, domin baki daban baƙi daban, haka kafa da ƙafa, fada da faɗa, kuma maɓallin da aka so ya ce ƙara bai kamata ya ce kara ba. Haruffan da ake bukata takwas ne, kuma ga lambobinsu a tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lambar da na'ura take gane shi da ita: Ɓ tana U+0181, ɓ tana U+0253, Ɗ tana U+018A, ɗ tana U+0257, Ƙ tana U+0198, ƙ tana U+0199, Ƴ tana U+01B3, ƴ kuma U+01B4.

Na taɓa kammala zubi guda cur mai faɗin biyar, na gamsu da shi, sannan na zo ƙara waɗannan takwas ɗin a ƙarshe. Kwana biyu na yi ina warware abin da na saƙa, domin sandar d tana zaune a ginshiƙi na biyar, ƙugiyar ɗ kuma dama take lanƙwasawa, babu inda za ta shiga. Tun daga lokacin nake zana ɗ da Ɗ nan da nan bayan n da o, kafin in taɓa sauran.

Ga yadda za ka bi da su a gida mai tsayin bakwai. A ɓ, ka bar ɗigon farko na layin sama a kashe, ka kunna na biyu da na uku, sannan sanda ta fara daga layi na biyu a ginshiƙin farko ta sauka har ƙasa. Layuka biyu kawai ƙugiyar take da su kafin cikin harafin ya fara, don haka kada ka bari bakinta ya sauko, domin zai taɓa cikin, harafin ya koma 8. Haɗarin da ya fi wannan shi ne kamarta da 6. Maganinsa a bar kusurwar hagu ta ƙasa ta ɓ a cike kamar ta b, a cire ta 6, sannan cikin ɓ ya ɗauki layuka biyar, na 6 kuma huɗu. Ita ƙ wannan ƙugiyar ce dai a kan jikin k, kuma ita ce mafi sauƙinsu.

A ɗ, idan kowane harafi yana da nasa faɗin, sai ka ƙara mata ginshiƙi ɗaya ko biyu a dama. Idan kuwa faɗi ɗaya ne ga kowa, dole ka matse cikinta ka jawo sandar zuwa ginshiƙi na uku ko na huɗu, kuma yana da kyau ka matse d ma haka domin su yi kama da 'yan gida ɗaya. Ƙugiya mai ɗigo ɗaya tana kama da kuskuren hannu, mai ɗigo biyu ce ake ganewa. Manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu hagu take fita daga saman sanda ta sauko kaɗan, saboda haka suna bukatar ginshiƙai biyu a gaba, jikin mai faɗin biyar ya zama bakwai. A Ƙ da ƴ da Ƴ, hannun dama na sama ne yake lanƙwasawa, kuma sai ka gwada su kusa da K da y da Y a girmansu na ainihi kafin ka yarda cewa sun bambanta. Idan sandunanka masu kauri biyu ne a gida mai takwas, Ɗ za ta cinye ginshiƙai bakwai ɗin da kake da su, cikinta ya rage ɗigo ɗaya, abin da ya sa nake ganin gara a faɗaɗa gidan tun farko.

Kada ka manta da alamar da ake rubuta 'ya'ya da ita. Madannai daban-daban suna fitar da ita da lambobi daban-daban, U+0027 ko U+2019 ko U+02BC, don haka ka ɗora zane ɗaya a kan duka ukun.

Ga masu aiki da ƙananan allunan rubutu na na'urorin lantarki, waɗanda ke amfani da guntun HD44780 na Hitachi, akwai wata dacewa mai amfani. Guntun yana nuna haruffa masu biyar sau takwas, kuma ya bar gurabe takwas da mai shiri zai zana nasa, daidai adadin haruffanmu masu ƙugiya. Idan ana bukatar gurbi domin alamar batir ko kibiya, Ƴ ce ta fi sauƙin sadaukarwa, tun da ana iya rubuta 'Y a madadinta.

Mataki na shida: tazara

Ko dai kowane harafi ya ci faɗi ɗaya, ko kowanne ya ci gwargwadon jikinsa. Na farko ya dace da tebur, lambobi da allon umarni, kuma shi ne kamannin na'urorin gidajen wasa. Na biyu ya fi daɗin karatu, kuma misalinsa sananne shi ne Chicago, wanda Susan Kare ta zana wa Macintosh na 1984 mai allon 512 sau 342, zubin da ya sake bayyana a iPod na farko a 2001. Ka bar ɗigo ɗaya tsakanin haruffa, uku ko huɗu tsakanin kalmomi, kuma ka sa tazarar a gefe ɗaya kawai, galibi dama. Gyaran tazarar wasu tagwaye, kamar T da a, ɗigo guda cur ake matsarwa ko a bar shi, babu rabi.

Mataki na bakwai: mayar da zane fayil

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ka ajiye haruffan a hoto guda, tare da ɗan fayil da ke bayyana inda kowanne yake, da faɗinsa, da nisan da za a matsa bayansa. Tsarin BMFont na AngelCode haka yake aiki, kuma injinan wasa da dama suna karɓarsa. Wannan hanya tana ba ka damar sa launi, inuwa da gefe a jikin harafin, kuma babu abin da zai sake fassara ɗigonka. Ka ajiye hoton a PNG, domin JPEG yana ɓata gefuna, kuma ka bar ɗigo ɗaya fanko kewaye da kowane harafi don kada maƙwabcinsa ya leƙo.

Ta biyu ita ce ka mayar da kowane ɗigo murabba'i a cikin fayil na TrueType, wanda burauza da sauran manhajoji suke ganewa. FontStruct da BitFontMaker2 suna yin wannan kai tsaye, FontForge kuma yana ba ka ikon gyara komai da hannu. A nan lissafi yake da muhimmanci. Fayil ɗin yana auna harafi da wasu raka'o'i na cikin gida, don haka ka zaɓi adadin da tsayin gidanka zai raba ba ragowa. Idan gidan ɗigo 16 ne, raka'a 1024 za ta ba kowane ɗigo 64 daidai. Idan 13 suna saman layin zama, 3 kuma a ƙasa, sai ka rubuta 832 da 192, waɗanda suka haɗu suka ba da 1024. Duk faɗin harafi da duk gyaran tazara dole su zama ninkin 64. Sannan ka narkar da murabba'an da ke jikin juna su zama siffa ɗaya, in ba haka ba siraran layuka za su riƙa bayyana a tsakaninsu idan aka faɗaɗa.

Mataki na takwas: nunawa a allo

A nan ne aiki mai kyau ya fi lalacewa. Na'urorin yau an gina su ne domin su sassauta gefen haruffa ta hanyar cika shi da toka-toka, abin da yake gyara rubutu na yau da kullum amma yake mayar da harafin fiksel kamar an shafa masa ruwa. Ka kashe wannan sassautawa, ka kashe gyaran da injin yake yi wa siffar harafi da kansa, ka kuma hana shi ajiye harafi a tsakanin ɗigo biyu. A injin ƙera wasa na Godot waɗannan zaɓuɓɓuka suna shafin shigo da fayil ɗin, sannan a sa matatar hoto ta zama Nearest. A Unity, wani injin ƙera wasan, sunan wannan matata Point, kuma a kashe matse hoton.

Sannan a kiyaye ninki. Zubi mai ɗigo 16 ana nuna shi a 16, 32 ko 48. Idan aka sa shi a 24, ninki ɗaya da rabi ke nan, kuma tun da allo ba ya kunna rabin ɗigo, sai wasu sanduna su ci ɗigo ɗaya, wasu biyu. Za ka ga H da ƙafar hagu siririya, ta dama mai kauri, kuma a wani wurin na layi ɗaya akasin haka. Hanyar da ta fi tabbas a wasa ita ce a zana komai, har da rubutu, a ƙaramin allon ciki, sannan a faɗaɗa hoton gaba ɗaya da ninki cikakke, a bar baƙin gefe idan bai cika ba. Wannan yana kuma hana wani aibin, wato ganin ɗigon rubutu ƙanana a kan hoton da ɗigonsa manya ne.

Wurin da rubutu yake farawa ma dole ya zama lamba cikakkiya. Idan ka tsakaita kalma mai faɗin 45 a akwati mai faɗin 100, lissafi zai ba ka 27.5, kuma sai ka umarci shirin ya yar da rabin. Haka idan rubutu yana bin wani abu mai motsi, kamar suna a saman kan ɗan wasa.

A burauza lamarin ya fi wuya, domin fiksel ɗin da ake rubutawa a CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafin intanet da shi, ba lallai ne ya zama ɗigon allo na zahiri ba. Waya na iya ninka shi sau 2 ko 3, wanda babu laifi, amma kwamfutar da aka saita a kashi 125 ko 150 cikin ɗari za ta mayar da 16 ya zama 20 ko 24. Ana iya karanta wannan ninki ta devicePixelRatio, a lissafa girman da zai sauka a kan 16 ko 32 ko 48 na zahiri. Umarnin image-rendering: pixelated yana aiki a kan hotuna da filin zane, amma ba ya taɓa rubutu na ainihi. Ka kuma lura da ma'auni: a CSS, 12pt daidai yake da 16px, kuma rikita su ya isa ya ɓata komai.

Mataki na tara: launi da gwaji

Siririn harafi yana bukatar bambanci mai ƙarfi da bayansa. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, sun sa 4.5 bisa 1 a matsayin mafi ƙarancin bambancin haske ga rubutu na yau da kullum, kuma gara harafin fiksel ya haura haka. Idan rubutu zai hau kan hoton da ke canzawa, ka yi masa baƙin gefe mai ɗigo ɗaya, ko inuwa ɗigo ɗaya ƙasa da dama, ka kuma ƙara wannan ɗigon a lissafin tazara.

Ka yi gwaji da jimloli na gaske, a girman gaske, a kan na'urar da za a yi wasan, daga nisan da mai wasa zai zauna. Jimla irin "Ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya a ƙarƙashin ɗaki na 6" tana tona asirin ƙugiyoyi nan take. Ka ba wanda bai taɓa ganin zubin ba ya karanta da ƙarfi, ka lura da inda ya yi jinkiri, domin kai da ka zana shi ka riga ka haddace siffofinsa. Masu wasa suna kula da wannan fiye da yadda ake zato: lokacin da Square Enix ya sake fitar da tsofaffin wasannin Final Fantasy a 2021 da wani siririn rubutu na zamani, an yi ta ƙorafi, har aka ƙara zaɓin haruffan fiksel a fitowar 2023. Ga masu raunin gani kuma, yana da kyau a tanadi zaɓi na biyu mai girma da sauƙin karatu.

Mataki na goma: idan za ka ɗauki zubin da wani ya yi

Ba kowa ne yake da lokacin zane daga tushe ba. Press Start 2P, wanda aka gina a kan kamannin haruffan wasannin Namco na shekarun 1980, yana fita daidai a ninkin 8, haka ma Silkscreen na Jason Kottke. VT323 ya kwaikwayi allon VT320 na kamfanin DEC, GNU Unifont kuma, wanda Roman Czyborra ya fara a 1998, yana da haruffa masu 8 sau 16 da 16 sau 16 domin ya ɗauki rubuce-rubucen duniya masu yawa. Kafin ka ɗauki ko wanne, ka rubuta haruffa takwas ɗin nan da shi ka gani da idonka ko suna ciki.

Idan babu su, duba lasisi. Zubin da ke ƙarƙashin lasisin OFL na SIL ya halatta a yi amfani da shi a wasan sayarwa, a gyara shi, a ƙara masa haruffa, muddin ba a sayar da fayil ɗin shi kaɗai ba, an haɗa shi da takardar lasisin, kuma gyararren ya ci gaba da zama ƙarƙashin wannan lasisi. Idan mai zubin ya keɓe sunansa a cikin takardar, dole ka raɗa wa naka sabon suna. Ciro haruffa kai tsaye daga cikin tsohon wasan wani kamfani kuwa ka bar shi, domin fayilolin wasan suna da mai su. A ɗan fayil ɗin bayani da za ka haɗa da zubinka, ka rubuta girmansa na asali da ɗigo, tsayin layi, jerin haruffan da ka ƙara, da sunan wanda ya zana na farko.